Baban Sito da Ƙurajen Wake

Da na dawo gida bayan shekarun karatu a nesa, akwai magana ɗaya da na riƙe gam ban yarda a taɓa mini ba: cewa ciwon gonakinmu ƙarancin taki ne. Haka na karanta, haka na ji a bakin malamai, kuma har yau ban sake ra'ayi ba, domin yawancin manoman da na sani sai sun yi da gaske kafin su ga buhu ɗaya a damina. Saboda haka ranar da aka ce mini akwai wani dattijo a bakin gari da ya kusa kashe gonar ubansa da yawan taki, dariya na yi. Na ce ko dai an ƙara wa labarin gishiri, ko kuma mutumin lalacinsa yake ɓoyewa a bayan buhu. Sai da na yi zama huɗu da shi, na ji ta bakin mutanen gidansa, sannan na daina dariyar. Ga yadda abin ya kasance.

Baban Sito kowa yake ce masa, har jikokinsa. Shekara ashirin da shida yana sharar wani babban siton takin zamani da ke kan hanyar fita gari, dogon gini mai rufin kwano da tsatsa ta ci har rana tana leƙowa. Taki ba ya raga wa ƙarfe. Sakata, kwaɗo, ƙafar baro, duk abin da ya kwana biyu a siton nan sai ya yi ja ya fara ɓarewa. Hannun Baban Sito ma bai tsira ba. Tafinsa ya yi kanta, gefen yatsunsa duk tsaga, idan ya miƙo maka hannu sai ka ji kamar ɓawon itace ka kama.

Aikinsa yana farawa ne daga inda na 'yan dako ya ƙare. Su idan tirela ta tsaya, ƙugiya suke cakawa a kunnen buhu su ja, kowace caka kuwa huda ce, kowace huda tana tsiyaya tun daga bakin mota har kan tsibi. Kafin a gama sauke mota ɗaya daɓen ya yi fari fat. Farar yuriya, kamfa mai ruwan toka, wani lokaci har da wani iri da shi kansa bai san sunansa ba, duk sun gauraye da ƙura da zaren buhu. Ba mai sayen wannan. A da a kwata ake zubarwa. Ranar da Baban Sito ya tambayi manaja ko zai iya kwashewa, manaja ko kai bai ɗago ba, ya ce ya kwashe har da ƙurar idan yana so.

Yana da inda zai kai. Gonar mahaifinsu tana bayan gidan da aka haife su, ta tashi daga katanga ta miƙe har bakin titi. Da tsohon ya rasu ba a raba ta ba. Su uku ne: Yaya Babba, wadda take aure a cikin gari, sai shi, sai ƙanensu direban tifa, wanda rabonsa da fartanya tun yana ɗan makaranta. Suka ce Baban Sito ya ci gaba da nomawa, in an girbe a riƙa aika musu da nasu.

Tsohon da awaki ya riƙe gonar nan. Kowane rani zai turo kashinsu a baro ya baza, kara da ganyen da dabbobi suka rage kuma a nan suke ruɓewa. Amfanin ba mai yawa ba ne, amma bai taɓa barin gidan da yunwa ba. Shi kuwa Baban Sito, shekarar farko da ya watsa sharar sito, abin da ya gani ya ba shi tsoro. Masara ta yi baƙi-ƙirin don kore, ta wuce tsawon mutum, kowace da goyo biyu. Masu wucewa a titi suna tsayar da keke su tsaya kallo. A shekarar sai da direba ya kawo tifarsa aka kwashe rabon Yaya Babba, yana ta tsiya wai shi da ya saba ɗaukar yashi yau ga shi ya zama ɗan dakon masara.

Daga nan Baban Sito ya yanke hukunci biyu, dukansu kuma daga sana'arsa suka fito. Na farko, ya hana kashin awaki shiga gonar, ya ce ciyawa yake kawowa, kuma gaskiyarsa, yana kawowa. Na biyu, ya fara share gonar. Mutum ne da hannunsa ya saba da tsintsiya, ba ya iya ganin abu a ƙasa ya wuce. Da an gama girbi sai ya bi ta kunya-kunya, ya tuge kututturen masara, ya tattare ganye da ɓuntu, ya tara a gefe ya cinna wuta. Gonar takan yi rani tas kamar tsakar ɗakin amarya. Maƙwabta suna tsokanarsa da cewa saura ya shimfiɗa mata leda ya sa labule.

Matarsa, wadda 'ya'ya da maƙwabta duk Inna suke ce mata, ba ta yarda ta rabu da awakinta uku ba. Da aka hana ta gona, sai ta samu wani lungu a ƙarshen katanga, wajen da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, nan take juye sharar turke da tokar murhu da ɓawon kayan miya. Da damina takan jefa 'yan ƙwayoyin wake a wurin don awaki su samu ganye. Baban Sito ya sa wa wurin suna jujin Inna, ba ya ko kallonsa, kuma ko ƙwayar takinsa ɗaya bai taɓa yarda ta faɗa can ba, wai asara ce.

Akwai kuma wani abu da yake alfahari da shi fiye da tsawon masara. Yana saurayi ya taɓa yi wa wani mai lambu aiki a bakin rafi, shekarar da tumatir ya yanƙwane yana tsaye. Da suka tuge sai suka ga saiwar ta kumbura ƙulu-ƙulu, mai lambun ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Tun ranar Baban Sito ya tsani duk wani ƙulli a jikin saiwa. To, waken da mahaifinsu yake shukawa a tsakanin masara, saiwarsa cike take da 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙuraje. Baban Sito ya daɗe yana zargin su ne suke hana tsohon samun amfani. Da ya fara zuba taki sai ya lura kowace shekara ƙurajen suna raguwa, har aka kai shekarar da ya tuge wake ya ga saiwa sumul. Ranar har gida ya kai ta ya nuna wa Inna. Ya ce ta duba, cutar da ta gagari tsoho shi ya yi maganinta.

Wajen shekara ta goma abin ya fara juyawa, a hankali, yadda ba za ka ce ga ranar da ya fara ba. Wake ne ya fara: ganye jingim, yaɗo ko'ina, amma ka ɗaga ka nemi kwanso sai ɗai-ɗai. Daga baya masara ta bi. Ta daina tsawo, ganyen ƙasa ya riƙa yin rawaya da wuri, iska kaɗan sai ka tarar ta kwanta. Ƙasar kanta ta sake hali. In an yi ruwa sai ya bi ta kanta ya gangara titi da jar laka, in rana ta fito kwana biyu sai ta daskare kamar daɓe. Balbelu da suke bin bayan mai huɗa suka daina sauka. Baban Sito ya zargi iri, ya sake iri. Ya zargi ruwan sama. Har bakin mutanen da suke tsayar da keke sai da ya zarga. Maganin da ya sani ɗaya ne, kuma kyauta yake samunsa, saboda haka duk shekarar da gona ta gaza sai ya ƙara mata baro biyu ko uku.

Rabon da ake kai wa Yaya Babba a tifa ya dawo ana kai shi a bayan keke. Direba ne ya fara furta abin da ke ransa. Ya ce ƙasa ma tsufa take yi kamar mutum, wannan ta gama nata. Ya ce akwai masu buga bulo da suke neman fili a bakin titi, su ba ruwansu da ko ƙasa tana da rai ko ba ta da shi, kwashe ta za su yi. Baban Sito ya ce sai dai bayan ransa. Maganar ta je gaban Yaya Babba, ita kuwa mace ce da ba ta son dogon zance. Ta ce a ba Baban Sito damina ɗaya. In gonar ta farfaɗo, direba ya ja bakinsa ya yi shiru. In ba ta farfaɗo ba, a sayar a huta.

A daminar nan Baban Sito bai bar ko ƙurar sito ba. Ya zuba kafin shuka, ya zuba bayan noman farko, ya sake zubawa da masara ta kai gwiwa. Ta kai ƙugu ta tsaya cak, bakin ganyenta ya ƙone kamar an bi shi da wuta.

Akwai wata malamar gona da takan zo siton duba kayan da ake raba wa manoma, yarinya ce sa'ar 'yarsa ta biyu. Baban Sito ya daɗe yana gaishe ta daga nesa. Rannan ya jingine tsintsiya ya tare ta a bakin ƙofa, ya ce don Allah ko akwai wani taki da ya fi waɗannan ƙarfi, domin nasa ya daina ji. Ta tambaye shi abin da yake nufi da ya daina ji. Da ya fara bayani sai ta ce ya bari, za ta zo ta gani da idonta.

Ta zo da hantsi a kan babur, da takalmin roba da 'yar jaka a kafaɗa. Ta bi kunya biyu, sannan ta ce ya sara mata ƙasa. Ya kai sara, fartanya ta yi tsalle ta dawo. Da ƙyar ya ɓantaro wani dunƙule. Ta murƙushe shi a tafin hannu, ta kai hanci ta shinshina, ta ce ƙasa mai rai tana da ƙamshi irin na ruwan farko, wannan kuwa ba ta warin komai. Ta tuge masara ɗaya, saiwar gajeru, masu kauri, sun tsaya a sama-sama kamar yatsun da aka naɗe. Daga nan ta zuba ƙasa a kofi, ta tsiyaya ruwa daga gorarta, ta motsa, ta tsoma wata 'yar siririyar takarda. Takardar ta sake launi. Ta kara ta da wani kati mai launuka, ta dubi takardar, ta dubi katin, sai ta jefar ta ciro sabuwa, wai ko waccan ta lalace. Ta biyun ma haka ta nuna.

Ta ce ƙasar ta yi tsami fiye da duk wadda ta taɓa gwadawa. Ta tambaye shi buhu nawa yake sawa a shekara. Ya ce shi ba da buhu yake awo ba, da baro ne, ya faɗi na bana, ya faɗi yawan shekarun. Malama ta nemi kan kunya ta zauna, ta riƙe haɓa tana kallonsa kamar wanda ya ce mata da kananzir yake shayar da jariri.

Kallon nan ya sosa masa rai. Ya ga ya kamata ko abu ɗaya ne ya nuna mata na kirki da ya yi. Ya sunkuya ya tuge wake, ya kakkaɓe, ya miƙa mata.

"Ga shi dai, Malama. Ko ba komai na raba su da ƙuraje."

"Waɗanne ƙuraje, Baba?"

Ya ba ta labarin tumatir, da waken tsoho, da shekarar da saiwa ta fito sumul. Tana juya saiwar a hannunta, ba ta ko ƙifta ido. Da ya gama sai ta tambaya a hankali ko akwai wani wuri a gonar nan da takinsa bai taɓa zuwa ba. Ya ce babu, shi ba ya aikin rabi da rabi. Sai ga murya daga bayan katanga, ashe Inna tun ɗazu tana tsaye tana shanya tana ji.

"Akwai jujina, in dai maigidan zai yarda baƙuwa ta ga ƙazanta."

Suka zagaya. A lungun Inna ba a bukaci fartanya ba, da yatsu Malama ta tona. Ƙasar baƙa ce, tana warwatsewa kamar gari mai danshi, sai ga wata ƙatuwar tana ta fito tana mutsu-mutsu. Waken wurin ba shi da yawan ganyen na gona, amma kwanso reto-reto. Malama ta sassauta ƙasar gefe, ta ɗago tushe ɗaya gaba ɗayansa. Saiwar cike take da ƙulle-ƙulle, manya da ƙanana, tun daga wuya har ƙasa.

Baban Sito ya ja da baya. Ya ce ai ga irinta nan, abin da ya sa ya hana kashin awaki ke nan, cuta ce kawai yake tarawa.

Malama ta ce ya matso. Ta sa babban yatsa ta goga ƙulli ɗaya, sai ya ɓalle ya faɗo tafinta kamar ɗan dutsen ado, saiwar kuma ba ta ji ciwo ba. Ta ce na tumatir da ya gani cuta ce da gaske, tsutsa ce take shiga saiwa ta kumbura ta, kuma wannan kumburin ba ya ɓallewa domin naman saiwar ne. Wannan kuwa daban. Ta sa farce ta raba ƙullin biyu ta kai masa kusa da ido. Cikinsa ja ne, ja irin na ɗanyen nama.

Ta ce wannan ɗaki ne, kuma da masu gida a ciki. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, suna zaune a ƙasa. Wake ne da kansa yake buɗe musu ƙofa su shiga saiwarsa, ya gina musu ɗakin, ya ciyar da su. Su kuma aikinsu su jawo abinci daga iska su ba shi, kuma abincin nan shi ne dai wanda ke cikin farar yuriyar da yake sharewa kullum. In ka ga jan nan, suna kan aiki. In wake ya gama zamaninsa aka bar saiwa da ganye suka ruɓe a wurin, masarar baɗi ma ta samu rabonta. Ta ce ba su kaɗai ba ne. Akwai wasu kamar farin zare siriri da suke manne wa saiwar masara su miƙa nesa su jawo mata ruwa da abinci daga inda ita ba ta kaiwa, akwai masu ruɓar da kara, akwai waɗanda suke haɗa ƙasa ta yi ƙofofin da ruwa zai bi ya shiga.

Baban Sito ya dubi jan abin da ke tafinta, ya dubi sumul ɗin saiwar da har yanzu take hannunsa na hagu. Da ƙyar ya ce, "To nawa ina suka tafi?"

"Wasu wake ne ya daina buɗe musu ƙofa, Baba, tunda ka cika masa ciki da na buhu. Wasu tsami ne ya fi ƙarfinsu, yawan yuriya shekara da shekaru shi yake kawo shi. Sauran kuma yunwa ce. Abincinsu kake sharewa kana ƙonawa."

Inna ta gaya mini cewa ta shirya magana a bakinta, ta shekara ashirin da ake mata gorin ƙazanta, amma da ta ga fuskarsa sai ta haɗiye. Ta ce tsaye yake amma kamar an zare masa laka. Sannan ya tambayi Malama abu ɗaya: ko za a iya gyarawa kafin girbi. Ta ce ba za ta yi masa ƙarya ba. Bana ta wuce. Abin da aka yi shekara ashirin ana yi ba ya warwarewa a wata biyu. In ya dage, ya fara ganin alama a damina ta biyu ko ta uku.

Damina ɗaya aka ba shi, ita ce kuma wannan da ta ƙone.

Kwanakin da suka biyo baya ya ci gaba da zuwa sito, yana shara yana tarawa a kusurwa, ba ya kwashewa, har manaja ya tambaya ko baronsa ne ya lalace. Abin da yake juyawa a ransa shi ne me zai ce wa Yaya Babba. Zai iya cewa ruwa ne ya yi gardama, ba wanda zai ƙaryata shi, amma in ya faɗi haka ya yarda ke nan da maganar direba cewa gona ta tsufa. In kuwa yana so ya nuna ba tsufa ta yi ba, dole ya faɗi wanda ya kwantar da ita.

Bayan girbi suka haɗu da la'asar a tsakar gida. Abin da aka samu yana jingine a bango, ba sai an yi bayani ba. Direba ya ajiye tifa a ƙofar gida ko kashe ta bai so yi ba, wai magana ce ta minti biyar. Baban Sito ya shiga ɗaki ya fito da faranti a rufe da ƙyalle ya ajiye a gaban Yaya Babba. Direba ya ce madalla, ashe har da walimar bankwana. Aka buɗe, saiwa biyu ce, ɗaya sumul, ɗaya mai ƙuraje, wadda ya tono da safe daga ragowar waken Inna.

Ya faɗi komai, bai rage ba. Ya faɗi baro-baron da ya zuba, da wutar da ya riƙa cinnawa, da ranar da ya kawo saiwa gida yana cewa ya fi tsoho. Muryarsa ba ta tashi ba har ya gama.

Direba ya kashe murmushin da ke fuskarsa. "Tsaya, Yaya, in gane. Wato ba mutuwar Allah da Annabi ta yi ba, kai ka kashe ta. Kuma kai ɗin ne kake so a sake bar wa jinyarta?"

"Ni ne," in ji Baban Sito. "Ba ni da wata amsa."

Yaya Babba ta jawo farantin gabanta. Ta ɗauki mai ƙurajen tana dubawa, ta fasa ɗaya da farce yadda aka kwatanta mata, ta ga jan. Sai ta yi salati a hankali. Ta ce yanzu ta tuna. Tana gida kafin aure, in an zo cire wake, tsoho ba ya yarda a tuge. Da lauje yake yankewa daga wuya a bar saiwa a ƙasa, wanda duk ya tuge sai ya sha rankwashi. Ita ta sha ya fi a ƙirga. Bai taɓa gaya musu dalili ba, ita kuma ta ɗauka faɗansa ne kawai na tsufa. Ta dubi Baban Sito ta ce lokacin shi yana wajen mai lambu, shi ya sa rankwashin bai same shi ba, ga shi kuwa shi ya fi kowa bukatarsa.

Hukuncinta bai yi wa kowa daɗi duka ba. Ta ce direba yana da gaskiya, ba za a riƙe masa haƙƙinsa a kan gwaji ba: a yanka masa kasonsa ta bakin titi ya yi yadda ya ga dama. Nata da na Baban Sito kuwa a bar su haɗe damina uku, ta gani.

Da rani masu bulo suka zo. Bakin titin nan ne inda Baban Sito yake fara juye baro, nan ne ya fi ko'ina mutuwa, amma sanin haka bai rage masa komai ba ranar da ya tsaya a kan iyaka yana kallon ana loda ƙasar ubansa a tifar ƙanensa. Ya ce mini bai taɓa sanin gona tana da zurfi ba sai ranar, da ya ga ramin ya kai ƙirjin mutum. Direba ya ɗaga masa hannu daga cikin mota, ya ɗaga masa shi ma. Sun fi wata biyar ba su yi wata doguwar magana ba.

Abin da ya rage ya bi shi yadda Malama ta tsara. Ya baza farar ƙasa da toka don su karya tsamin. Ya je da kansa, ba aike ba, ya roƙi Inna sharar turkenta, ita kuma ta ce sai ya fara janye sunan juji a gaban shaidu. Ya ɗebi ƙasar lungunta ya barbaɗa a ramukan wake. Mafi wuya a gare shi shi ne barin kara da ganye a kwance. Ya ce rani na farko in ya bi ta gonar sai ya ji tafin hannunsa yana ƙaiƙayi, dole ya riƙa zura hannu a aljihu.

Bai daina sa takin zamani ba, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai, ni da na zo da tawa fahimtar. Malama ta ce masa masara tana bukatarsa, ƙasar da ta rame haka ba za ta iya ita kaɗai ba. Sai dai yanzu da murfin kwalba yake awo, murfi ɗaya a gindin kowace masara, ya tona ya binne. Wake kuwa ba ya ganin yuriya ko ta ido. Sharar sito da ta rage yana ƙulla ta a 'yan ledoji ya raba wa maƙwabta waɗanda gonakinsu ba su taɓa ƙoshi ba, kowa kuma sai ya tsaya ya sha wa'azin murfin kwalba kafin a miƙa masa.

Damina ta farko ba abin a zo a gani. A ta biyu ruwa ya fara tsayawa yana shiga ƙasa, masara ta kai kafaɗa. Yaya Babba ta zo ta zagaya gonar da sandarta, ta tsaya ta kalli ramin masu bulo da ya cika da ruwa kore, ta koma gida. Bayan kwana uku sai ga ɗan acaɓa da awaki biyu a ɗaure, ya ce an ce a kai wa Inna, a gaya wa maigidan kuma ba don nama aka aiko su ba. Tun daga ranar ba wanda ya sake ta da maganar damina uku.

Zamana na ƙarshe da shi a gonar muka yi, a damina ta ukun, wake yana fure. Daga inda muke zaune ana jin ƙarar injin bulo. Na tambaye shi ko yana ganin ƙasar nan za ta koma yadda tsoho ya bar ta.

Ya tashi ya zaɓi wake ɗaya a bakin kunya, ya sassauta ƙasar da yatsu yadda ya ga Malama ta yi, ya ɗago shi a hankali ya busa. Ya bi saiwar da ƙaton yatsansa mai tsaga yana ƙirgawa, leɓensa yana motsi.

"Bara uku na samu a saiwa ɗaya," ya ce. "Bana ga bakwai. Na Inna sun haura talatin. Kai ne ka yi karatu, ɗana, ka buga lissafin ka gaya mini, amma ka sa da shekaruna a ciki."